Takardun da Suka Daina Sayen Gero

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗan canji a Nguru ko Gashuwa ya ga aikin yatsa. Ka miƙa masa jaka goma ta sefa, kafin ma ya dube ta ya murza ta tsakanin babban yatsa da manuni, ya kaɗa ta kusa da kunne, ya gaya maka ko ta gaske ce ko jabu. Gwaninta ce, kuma da ita yake ci da iyalinsa. Amma iyakarta kuɗin da ke yawo. Ranar da banki ya ce an daina karɓar wata takarda, ranar ɗan canji ya gama da ita. Daga nan ne wani gwanin daban yake farawa, wanda ba a cika jin labarinsa a ƙasarmu ba: mai tara matattun kuɗi, musamman takardun da daulolin Turawa suka buga a shekarun yaƙi.

Mai tarawa ake ce masa, amma tarawar ita ce mafi sauƙin aikin. Ainihin sana'ar karatu ce. A ɗora masa guntuwar takarda da ta shekara tamanin a ƙasan adaka, ya gaya maka wace gwamnati ta buga ta, a wane gari, me ya hana a buga ta inda aka saba, da kuma hanyar da ta biyo har ta iso Yusufari. A wasu ƙasashe abin ya zama fanni mai ƙungiyoyi da mujallu da gwanjo. Akwai ƙungiyar duniya ta masu tara takardun kuɗi da aka kafa a 1961, akwai kuma babban kundin da wani Bajamushe, Albert Pick, ya fara tsarawa, wanda ya ba kowace takarda lamba, har masu sana'ar suka koma kiran takardu da lambar Pick. Mu a nan kundin ne ba mu da shi. Kayan kuwa, a ganina babu inda ya kamata a fara nemansu kamar arewacin Yobe.

Dalili shi ne iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da na Faransa suka bi ƙasa suna kafa alamu daga kogin Kwara har Tafkin Cadi. Layin ya ratsa ƙasar Manga, ya bar Yusufari da Machina da Nguru a hannun Ingilishi, Gure da Gudumariya da Maine-Sorowa a hannun Faransi. Bai hana raƙumi wucewa ba. Manda da kanwa da dabbobi suka ci gaba da gangarowa kudu, goro da tufafi suna haurawa. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, sai garin ya zama matattara: gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, shanu, duk nan ake lodi, wasu daga ƙasar Faransi suka fito. Falken da ke wannan zirga-zirga dole ya riƙe kuɗi iri biyu, ya san farashin kowanne a kan ɗan'uwansa. Ragowar da bai samu canzawa ba ranar da aka sauya kuɗi, ita ce yau take kwance a gidajen jikokinsa.

Darasin farko da gwani ke koya wa almajirinsa ma ba a takarda yake ba, a azurfa yake. Kafin kuɗin Turawa, ƙasar Borno ta yi ciniki da gabaga da wuri da kuma gursu, babbar azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, Maria Theresa. Kowace gursu ka ɗauka za ka ga 1780 a jikinta. Shekarar da matar ta mutu ke nan, amma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara har cikin ƙarni na 20 da bayansa, a Biyana da Landan da Roma da Faris, har da Bombay ta Indiya, inda Ingilishi suka buga ta lokacin yaƙin Hitila don biyan buƙatunsu a Habasha. Saboda haka gursun da ke wuyan wata tsohuwa a Gashuwa tana iya zama ta zamanin Shehu Laminu, tana kuma iya zama sa'ar mai ɗauke da ita. Wanda ya fahimci wannan ya daina yarda da shekarar da ke rubuce har sai wasu shaidu sun goyi bayanta.

Takardar kuɗi kanta yaƙi ne ya kawo mana ita. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai hedikwata a Landan, don ta riƙa yi wa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya, kuma da tsabar azurfa ta fara a 1913: taro, sisi, sule, fataka. Sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke, azurfa ta yi tsada, tsaba ta yi ƙaranci a daidai lokacin da kamfanoni ke neman abin sayen gyaɗa da manja. A 1916 hukumar ta fito da takardun sule biyu da sule goma da sule ashirin, a 1918 ta ƙara da ta sule ɗaya. A wannan shekarar abin ya tsananta har gwamnatin Nijeriya da kanta ta buga takardun gaggawa na sule ɗaya da goma da ashirin. Faransawa ma haka, wata dokarsu ta 11 ga Fabrairu 1917 ta ba mulkokinsu irin su Senegal da Gini da Dahomey izinin buga ƙananan takardu na rabin tamma da tamma ɗaya da biyu.

Mutane suka ƙi ta, kuma ba a ga laifinsu ba. Azurfa ana binne ta a tukunya shekara goma a tono ta lafiya, in an matsu a kai wa maƙerin fari ya mai da ita zobe ko munduwa. Takarda kuwa gara ta ci, gobara ta lashe, gumi ya narkar. A kasuwanni sai da ragi ake karɓarta, wanda ta faɗo hannunsa kuma yakan yi sauri ya rabu da ita, ko a kanti ko wajen biyan haraji. Wannan ƙiyayyar ita ta mai da takardun 1916 zuwa 1918 abin nema ido rufe a yau. Ba wanda ya ajiye su, waɗanda suka koma baitulmali kuma aka lalata. Kwabo mai huji da anini kuwa suna nan birjik, har a kan ƙusoshin rufin kwano akan gan su. Sabon shiga yakan ɗauka ƙarfe ya fi daraja don ya fi nauyi. Gwani ya san takardar da ta tsira ita ce abin mamaki.

Yadda yake duba ta abin kallo ne, kamar dillalin shanu da ke buɗe bakin sa ya karanta shekarunsa a haƙora ba tare da ya tambayi mai shi ba. Zai wanke hannu ya bushe tukuna, ya shimfiɗa farar takarda mai tsabta, ya ɗauki kuɗin ta gefe-gefe. Abu na farko jikinta. Takardar kuɗi ta ainihi da zaren auduga ake yin ta, tana da ƙarfi da amo ko da ta tsufa, ba ta yin laushin takardar littafi. Sai ya bi rubutun da bakin yatsa a hankali, domin bugun manyan maɗaba'u yakan bar tawada ta ɗan taso, a ji kaushinta, abin da injin hoto ba ya iya yi. Sai ya ɗaga ta ga haske. A nan asirai ke tonuwa: hoton da aka saka a cikin jikin takardar in irin mai shi ce, inda aka taɓa liƙe yaga da ƙaro ko ƙullu, inda aka kankare, inda aka cike huji. Bayan haka ne zai sa madubin ƙara girma ya nemi wani ɗan siririn layi a can ƙasan gefe, wanda yawancin mutane ba su ma san yana nan ba, wato sunan maɗaba'ar. Kwanan wata da sa hannu da lamba su ne na ƙarshe, don su ne mafi sauƙin kwaikwayo.

Ɗan siririn layin nan shi ne kan labarin yaƙin duniya na biyu a wannan yanki. Kafin yaƙin, kuɗin ƙasar Faransi na bankin Banque de l'Afrique Occidentale ne, wanda aka kafa a 1901, kuma a Faransa ake buga su, a kan takarda marar kauri mai launuka masu taushi da hotunan mutane. Sau da yawa za ka ga ƙananan hujoji a gefe ɗaya. Ba ɓarnar ƙwari ba ce, al'adar ma'aikatan bankin Faransa ce ta soke bandir da fil, gwani kuma ba ya ɗaukar wannan a matsayin babban aibi, har yakan ƙara masa natsuwa. A watan Yuni 1940 Jamus ta mamaye Faransa. Gwamnan Dakar, Pierre Boisson, ya tsaya tare da gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, har ya kori jiragen ruwan Ingila da na Janar Digol, jagoran Faransawan da suka ƙi sallamawa, da wuta a watan Satumba. Cikin 'yan watanni sai ga Nijar ta zama ƙasar da Ingilishi ke kallo da zargi, aka tsaurara iyaka, cinikin da aka gada kaka da kakanni ya koma fasa-ƙwauri.

Gabas kuwa labarin daban ne. Ranar 26 ga Agusta 1940 gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan Giyana, ya bi Digol. Can ma da kuɗin bankin nan guda ake ciniki a da, amma da aka raba gari sai 'yan Digol suka fito da nasu takardu masu ɗauke da sunan Afrique Française Libre, sannan a Disamba 1941 suka kafa asusunsu a Landan. Alamarsu gicciye ne mai sanda biyu a kwance. To ka duba wannan: a ɗan tsakanin nan, ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Cadi suna da fam na Ingilishi, da tammar Faransawan da suka sallama, da tammar Faransawan da suka ƙi sallamawa. Mai raƙumi ɗaya yana iya riƙe duka ukun a laya guda.

A Nuwamba 1942 sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya, Boisson ya ga inda iska ta juya, ya koma ɓangarensu. Sai matsala ta taso: ana buƙatar sababbin kuɗi, maɗaba'ar kuma tana ƙarƙashin Jamusawa. Aka kai aikin Amurka. Shi ya sa za ka ga takardun dala, dala biyar da dala ashirin, wato tamma 5 da 25 da 100, masu kwanan wata 14 ga Disamba 1942, rubutu Faransanci, amma fasalinsu ya fi kama da aikin Amurkawa, kuma a ƙasan gefe an sa E. A. Wright Bank Note Co. na birnin Filadelfiya. Ta jaka ɗaya kuma kamfanin American Bank Note ne ya buga. Wanda bai sani ba zai ce tsohuwar sefa ce. Ba sefa ba ce, domin sefa ba a haife ta ba sai ranar 26 ga Disamba 1945. Takarda ce da ke shaida cewa akwai lokacin da daular da ke karɓar haraji a Damagaram ba ta iya buga kuɗinta a gidanta ba. A 1944 ma ƙarancin canji ya sa gwamnatin Dakar ta sake fitar da 'yan mitsi-mitsin takardu na rabin tamma, tamma ɗaya da biyu, irin waɗanda ke yawo a hannun masu tallan ƙosai har su narke. Samun ɗaya mai lafiya a cikinsu ya fi samun babbar takarda daɗi ga mai sana'a.

Na Ingilishi ba su canza kama ba. Sule goma da fam ɗaya masu hoton bishiyar kwakwar manja, bugun Waterlow & Sons na Landan, da rubutun haruffan Larabci a jiki, haka suka ratsa yaƙin. Bambancin yana cikin kwanan wata da sa hannun jami'an hukumar, don haka mai tarawa yakan bi su shekara-shekara, yana neman cike gurbin da ya rage masa. A nan zan ɗan faɗi ra'ayina. Dokar hukumar ita ce kowace fam da ta fitar a nan sai an ajiye madadinta a Landan, kuma yawancin ajiyar bashi ne ake ba gwamnatin Ingila. Da yaƙi ya yi zafi aka matsa wa manoma su ƙara gyaɗa, aka kwashi mutane aikin tilas a haƙar kuza a Jos daga 1942, kuɗin da ke yawo ya ƙaru ƙwarai, ajiyar Landan ma ta ƙaru. Manomin da ya kai buhunansa sikeli a Nguru ya karɓi jar takarda ko koriya, ya ba Sarkin Ingila rance ne bai sani ba. Ina ganin duk mai riƙe da ɗaya daga cikin takardun nan ya kamata ya san haka kafin ya tambayi nawa za a saya.

Akwai wani ɗan ƙarin armashi. Ƙa'ida ita ce rubutu a jikin kuɗi yana zubar da darajarsa. Amma a shekarun yaƙin jiragen saman yaƙi sun riƙa bin hanyar Takoradi, Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, har Khartum da Alƙahira, matuƙansu kuma suna da al'adar sa wa juna hannu a kan takardar kuɗin duk ƙasar da suka sauka. Fam ɗin da ke cike da irin waɗannan sunaye, wanda ɗan koyo zai ce an ɓata, gwani zai ajiye shi gefe ya zauna karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuma kuɗin da suka zo a jakar soja. Tun a yaƙin farko sojojin Nijeriya sun gwabza da Jamusawa a Kamaru, lokacin Dikwa tana hannun Jamus, sannan daga ƙarshen 1916 aka kai su Afirka ta Gabas. Can Jamusawan da aka yanke wa hanyar teku suka riƙa buga kuɗinsu na rufi a kan kowace irin takarda suka samu, har a 1917 suka koma bugawa a daji da haruffan roba na kayan wasan yara. Mummunan bugu ne, layuka a karkace, amma a irin waɗannan munin shi ne shaidar gaskiya, wadda ta fito tsaf ita ce abin tuhuma. A 1941 kuma rundunar Nijeriya ta yi tafiyar nan mai tsawo daga Mogadishu zuwa Harar, inda kuɗin Italiya na musamman don mulkinta na gabashin Afirka ke yawo. Mafi yawa dai kuɗin ƙasar Bama ne. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen bariki a bataliyoyinsu na Nijeriya, sun yi yaƙi a Kaladan da Arakan, suka tarar da rufin da Japan ta buga wa ƙasar bayan ta ƙwace ta a 1942. An rubuta sunan gwamnatin Japan da Turanci, ga hoton wurin bautar 'yan Buda, ba doguwar lamba sai haruffa biyu ko uku. Harafin farko shi ne mabuɗi: B na Bama, M na Malaya, P na Filifin. In ka ga B a gidan da ake cewa kakansu ɗan Bama ne, magana ta haɗu.

Ita wannan takardar ta Japan kusan ba ta da farashi, don an buga ta ba lissafi, sojoji kuma suka kwaso da yawa. Nan ne mutane ke shan mamaki, wasu har su yi fushi. Abu uku ke sa farashi: ƙarancin irin takardar, lafiyar jikinta, da yawan masu nemanta. Tsufa shi kaɗai ba ya ciki, girman lamba ma haka. Takardar mak 1,000 ta daular Jamus mai ɗauke da shekarar 1910 misali ce. Babba ce, kyakkyawa, mai kwarjini, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekara har bayan yaƙi, mai jan hatimi da mai kore, ta cika duniya. Zuwa Nuwamba 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, aka buga takardun biliyoyi waɗanda yawancinsu yau ba su kai kuɗin ɗan akuya ba. Wannan jahilcin ne jarin 'yan damfara. Kowane ɗan lokaci sai jita-jita ta tashi cewa wasu Turawa na sayen tsohon kwabo ko tsohuwar fam a kan miliyoyi, a ce wai akwai wani sinadari a ciki. Sai wani ya sayar da gona ya sayi abin da abokin mai jita-jitar ne ya kawo kasuwa, mai sayen miliyoyin kuma ya kashe waya. Gwani na gaskiya yakan fi yawan ba mutane labarin da ba su so ji ba, kuma da wannan ake gane shi.

Lafiyar jiki kuwa ana auna ta da tsanani. Kamfanonin da ke tantancewa a waje suna ba da maki daga 1 zuwa 70, tun daga tsumma har wadda ba ta taɓa shiga aljihu ba. Ninki ɗaya a tsakiya yana sauko da ita mataki, kusurwar da ta lanƙwashe ma haka. Abin takaici shi ne yawancin ɓarnar masoya ne ke yin ta. Wani ya wanke da sabulu don ta yi haske, ya kashe amonta. Wani ya bi ta da dutsen guga, tawadar da ta taso ta kwanta, takardar ta ɗauki wani ƙyalli da ba nata ba, wanda gwani ke ganewa da ya karkata ta ga hasken taga. Wani ya liƙe yaga da salatif, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya zama tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Mafi muni shi ne a kai ta shago a narka mata leda a inji kamar katin shaida. Wannan an binne ta ke nan, ba mai iya tono ta.

Ajiyar da ta dace ba ta da tsada. Ƙasarmu ma ta taimaka, domin busasshiyar iskar Yusufari ta fi danshin kudu tausaya wa takarda nesa ba kusa ba. Abokan gaba su ne gara, kyankyaso, ɓera, tsatsar adaka, rana, da ɗigar ɗaki a watan Agusta. A cire robar ɗauri da fil da duk wani ƙarfe. A shimfiɗa kowace takarda ita kaɗai, ba ninki, tsakanin farar takarda mai kyau ko cikin aljihun leda mai ƙarfi irin wanda aka yi don wannan aiki. Leda mai laushi mai wari ba ta da amfani, zafin bazara yana sa ta fitar da maiƙo ta manne da tawada. A ɗora akwatin a kan wani abu, nesa da bango da ƙasa, a riƙa buɗewa lokaci-lokaci. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan, kundayen da ke cikin gafaka sun shekara ɗari da ɗoriya a irin wannan yanayi.

Amma akwai abin da mai tarawa na Yobe yake da shi wanda attajirin gwanjo a Landan ba zai saya da kuɗinsa ba, wato bakin mutanen da suka san inda takardar ta fito. Takarda marar labari lambar Pick ce kawai. Wadda aka san cewa ta wani madugun manda ce da ke zirga-zirga tsakanin Gudumariya da Nguru, ko ta wani kofur da ya dawo daga Bama aka riƙa kiransa mazan jiya, ta zama shaidar tarihin gida da na gari. Don haka rabin aikin zama ne a kan tabarma. A gaisa, a tambayi lafiyar iyali da dabbobi, sannan a ce, “Baba, wannan a hannun wa kuka same ta?” ko “Iya, ko kun tuna shekarar da Malam ya dawo da ita?” Tsoho ba zai ba ka shekara da lamba ba. Zai ce shekarar fara ce, ko zamanin Mai wane, ko kafin a haifi wance. Aikin gwani ne ya ɗora wannan a kan kwanan watan da ke jikin takardar ya ga ko sun dace. Wani lokaci takardar ce ke gyara labarin, wani lokaci labarin ne ke bayyana abin da kundi bai sani ba.

Wanda ya fara da kuɗin Turawa da wuya ya tsaya nan. Zai wuce zuwa fam ɗin Babban Bankin Nijeriya na 1 ga Yuli 1959, da canjin gaggawa na Janairu 1968 da aka yi don a kashe kuɗin da ke hannun Biyafara, da takardun Biyafara kansu masu hoton fitowar rana, da naira ta 1973, da sauyin launi na Afrilu 1984. Wanda ya sha layin banki a farkon 2023 ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda kuɗi ke mutuwa a hannun mai shi. Sai dai a kiyaye, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana cinikin naira mai rai da wulaƙanta ta, sana'ar da muke magana a kai ta matattu ce.

Babban Bankin ya buɗe gidan tarihin kuɗi a Abuja a 2009, abu ne mai kyau, amma yaron Tulo-Tulo ba zai je Abuja kallon anini ba. Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa tana nan tun 2013, ga fadar Mai Bade, ga ta Nguru, ga ta Machina. Kabad ɗaya mai gilashi da makulli da rajista ya isa a fara, kowace takarda da sunan gidan da ya ba da aronta.

Kai kuma mai karatu, in rabon gado ya kai ku ga tsohuwar adaka, kada a miƙa wa yara abin da ke ƙasanta su yi wasan ciniki, kada kuma a haɗa shi da kayan 'yan gwangwan. Ɗauki hoton gaba da baya da wayarka. Kada ka wanke, kada ka goge, kada ka liƙe. Nemi wanda ya fi kowa shekaru a gidan tun yana da ƙarfin magana ka tambaye shi, abin da ya faɗa ka rubuta da fensir a bayan ambulan, ba a jikin kuɗin ba, ka sa sunan mai ita da garinsa da ranar da ka rubuta.